Mai Maɓalli

Ni mai wanki da guga ne, kuma rabin kayan da ke bi ta hannuna na matattu ne. Ba ni na zaɓi haka ba, yayata ce ta ɗora min, kamar yadda ta saba ɗora min komai tun ina goye a bayanta. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, shagonta na ɗinki kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da nawa. Ga furfura ta cinye min gemu, amma har yau in ta ƙwanƙwasa bangon nan da gindin almakashi ta ce "Auta!", sai in ajiye dutsen guga in tafi in ji da me aka zo.

A unguwa Mai Maɓalli ake ce mata. Shekara da shekaru tana karɓar tufafin waɗanda suka rasu daga hannun iyalansu, ta gyara, ta sayar, abin da aka samu a sayi magani da jini ga masu ciwon sikila. Ta raba gidaje da yawa da kayan mamatansu, da lallashi da bakin nan nata mai sanyi. Sai dai akwai kayan mamaci guda da ba su taɓa zuwa shagona ba, na ɗanta Dogo. Suna rataye a kabad ɗin ɗakinsa, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Kowa ya sani, ba mai ɗaga maganar.

Mijinta bakanike ne, mutumin kirki, bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da keken ɗinki da yaro ɗaya, yaron kuma da ciwo a jininsa. Da ɗinkin kayan 'yan makaranta ta raine shi, ƙafa ɗaya a kan keke, ɗaya a asibiti. Dogo ya tashi siriri, idanu jajawur-jajawur da rawaya a gefe, yana ɗan ɗingishi saboda ƙugunsa, ga baki kamar me. Gyaran waya ya koya. In ya kawo min guga sai ya jingina da ƙofa ya ce, "Kawu, a bi min wuyan rigar nan a hankali, wancan karon ka gasa shi har ya yi ƙamshi." Sanyi ne babban abokin gabarsa. Da hadari ya haɗu zai jawo wata koriyar rigar sanyi mai maɓallan katako, wadda uwar ta yi wa faci a gwiwar hannu. Ko daga ƙarshen layi ka hango kore yana rangaji, ka san shi ne. Yana cikin shekarunsa na ashirin da 'yan kai wata damina ta zo, ciwon ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Na ɗauka daga nan Yaya ta yi sallama da asibiti. Ina! Ƙafafunta sun riga sun saba. Sai ta riƙa zuwa tana zama a bencin baranda tare da iyaye mata masu jinya, ba ta da kowa a ciki. Matan nan suna da 'yar ƙungiyarsu, suna bin shaguna da gwangwani mai tsaga a ka. Sau ɗaya ta bi su, ta dawo tana huci.

"Auta, roƙo ba sana'ata ba ce. Mutum da ya hango gwangwanin nan sai ya tuna yana sauri. Wani har wayar ƙarya ya kara a kunne, alhali na ga fuskar wayar a kashe."

Dabarar ta zo mata ne a gidan rasuwa. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta a layinmu, Malama muke ce mata, mijinta ya rasu. Bayan mutane sun ragu ta ja Yaya ɗaki ta nuna mata kayansa jere, riguna, wanduna, kwat-kwat. Ta ce ba ta iya kallonsu, ba ta kuma iya zubarwa, 'yan'uwansa kuwa duk sun fi shi ƙiba. Yaya ta ce, "Ba ni su." Ta kawo min a buhu na wanke, muka ɗaura igiya daga ƙofarta zuwa tawa, muka rataye. Kafin rana ta yi tsaka igiya ta koma fayau. Kaya ne masu kyau, farashi da sauƙi, mai saye kuma yana tafiya da jin ya taimaki marar lafiya ba tare da an miƙa masa gwangwani ba. Yaya har da 'yar rawarta ranar.

Ba a daɗe ba Malama ta shigo shagon da takalmi ƙafa ɗaya, mayafinta a hannu. Na jiyo muryarta ta bango, na zo. Abin da ya faru shi ne, tana tsaye tana jiran bas sai ta hango mijinta a tsallaken titi, ya juya baya, cikin kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, har da ɗinkin da ita ta yi wa gefen aljihu da baƙin zare. Ta saki jakar cefane ta faɗa titi, motoci suna ta ihu, ta bi shi cikin mutane tana kiran sunansa. Da ta cim masa ta riƙo hannun rigar, sai wani baƙon mutum ya juyo yana tambayarta ko lafiya.

"Maman Dogo," ta ce, "na san ya mutu. Ni na rufe masa ido da hannuna. Amma ƙafafuna ba su sani ba."

Yaya ta cire nata takalmin ta sa mata, ta raka ta gida ba takalmi. Washegari ta kafa doka, kuma dokar ce ta ba ta suna: ba rigar da za ta hau igiya sai an ɓatar mata da kama. A sauya maɓalli, a juya wuya, a cire aljihu ko a ƙara, mai dogon hannu a gajarta, fari a tsoma shi a rini. Duk abin da idon mai takaba zai iya kamawa daga nesa, sai an kashe shi. Aiki ya ninku, riba ta ragu, ni kuma hannuwana suka koma shuɗi. Na yi mita iya mita. Ta ce in na gama in ɗauko mata bokiti.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ta fito da wata sabuwa. Duk wanda ya kawo kayan mamacinsa, shi zai zo ranar Asabar ya cire maɓalli na farko da hannunsa, ya tafi da shi gida. Da na ji na ce wannan ai tsokanar kuka ce, ba wanda zai zo. Suka zo. Suka zauna a benci da tabarma, ana shayi, ana warware ɗinki. Wadda ta zo don maɓalli ɗaya sai ta zauna har yamma, Asabar mai zuwa kuma ta dawo da maƙwabciyarta. Kafin a fara sai an lalube aljihu, a nan ake shan kallo: alewa, tsinken sakace, tikitin mota, ƙwayar magani da aka ce an sha. Wata tsohuwa ta zaro rabin karan sigari daga kwat ɗin mijinta, wanda ya yi ta rantse mata ya daina tun suna da ƙuruciya. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Munafuki! Allah ya jiƙanka, munafuki!" Aka yi ta dariya har da masu share hawaye.

Yaya ba ta yin jawabi, ba ta yarda a ɗauki hoton marar lafiya. Abin da take yi kawai, lokaci-lokaci ta gayyato wata uwa daga asibiti, ko wani saurayi da ya samu sauƙi, ya zauna ya sha shayi da su. Ba ta cewa ga wanda rigarki ta ceta. Su da kansu suke kallon yaron yana hura kofi, su gane. Waɗanda ba su da mamaci ma suka shigo: mai kanti ya ɗauki nauyin sukari, wani dattijo mai sayar da zare yana aiko ragowar maɓallai a leda, in an samu kwat na gani na faɗa a yi gwanjonsa a bakin ƙofa, maza suna ta ɗaga hannu don kada a ce an fi su.

Ni nawa rabon wari ne da ƙamshi. Kowane mamaci da nasa: wani turare, wani taba, wani man zafi, wani asibiti tsantsa. Ina wankewa in sake wankewa, amma in dutsen guga ya hau wuyan riga tururi ya tashi, wani lokaci sai mutumin ya dawo gaba ɗaya, ka ji kamar yana tsaye a bayanka yana jiran kayansa. Da farko tsigar jikina tashi take yi. Daga baya na saba, sai in ce masa ya yi haƙuri, saura hannu ɗaya.

Shi ya sa na fahimci abin da Yaya take yi a ɗakin Dogo. Wata rana da yamma na je karɓar makullin shago na same ta a tsaye, ta buɗe kabad ɗin kaɗan, iya faɗin fuskarta, ta cusa hanci. Da ta ji motsina ta rufe da sauri ta murɗa makulli.

"Yana raguwa, Auta," ta ce. "Shi ya sa ba na buɗewa da yawa, kada ya ƙare."

Na so in ce wani abu, in tsokane ta ko in yi mata faɗa, cewa ta kwashe na kowa ta bar nata. Da na ga idonta sai na haɗiye. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Haka aka yi ta tafiya har wata damina, lokacin da ɗakin masu sikila a asibiti ke cika maƙil. Wata matashiya, matar wani direba, ta zo da ƙunshi. 'Yarta ce ta rasu, da ciwon nan dai. Ta kwance ƙunshin a kan tabarma: kayan makaranta, 'yan riguna, safa. Yaya ta miƙa mata almakashi. Hannun matar ya kama rawa, ta kai bakin almakashi kan maɓalli ta janye, ta kai ta janye. Ina tsaye a ƙofa da bokitin rini. Yaya ta matso ta dafa kafaɗarta ta fara maganar da na haddace ta bango.

"Riga ba mutum ba ce, ƙanwata. Yarinyarki tana inda babu ciwo. Wannan yadi ne da zare, ki bar shi ya yi wa 'yar wata amfani."

Matar ta ɗago. Baƙuwa ce a unguwar, ba ta san abin da kowa ya sani ba, kuma wallahi ba da wata manufa ta yi tambayar ba.

"Anti, an ce ke ma kin rasa naki. Da kika zo cire nasa, hannunki bai yi rawa ba? Ki faɗa min yadda kika yi, in yi haka."

Malama ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofin da babu komai. Yaya tana iya cewa ta yi addu'a ne, ko ta rufe ido, ba wanda zai tona ta. Amma yayata duk halinta ba ta iya ƙarya ba.

"Ban cire ba," ta ce. "Suna nan a ɗakinsa."

Matar ta ajiye almakashi a hankali, ta tattara kayan 'yarta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure ƙunshin, ta ce a yi haƙuri, ta fita cikin yayyafi.

Ba wanda ya zargi Yaya. Matan suka ci gaba da zuwa, suna shayi, suna hira da ƙarfi fiye da kima. Abin da ya mutu bakin Yaya ne. Ta je gidan rasuwa kamar yadda ta saba, ta zauna, ta yi gaisuwa, da aka zo wurin maganar kaya sai harshenta ya ƙi. Ta dawo hannu biyu. Ta sake zuwa wani gidan, haka. Igiyar da ke tsakanin ƙofofinmu ta fara rama, daga riguna jere ta koma wanduna biyu da wata hula da ba mai so. Iyaye mata daga asibiti suna zuwa su tsaya a bakin shago su gaishe ta, ba sa tambayar komai, su ɗan kalli igiyar su wuce. Na san wannan kallon ya fi mata zagi ciwo.

Wata safiya bango ya yi ƙara. Na shiga na ga buhu a tsakar shagon, makullin kabad a kan keke, ba a bakin zani ba.

"Auta, je ka gaya wa Malama. Ka nemo min gidan direban nan, ka ce wa matarsa ina roƙonta ta zo ranar Asabar. Ba sai ta kawo komai ba."

Ranar shagon ya cika har waje. Yaya ta kwance buhun da kanta. Ƙamshin Dogo ya tashi, ɗan kaɗan ne, man zafi da sabulun da yake so, amma sai da na riƙe ƙyauren ƙofa. Ta ɗauki wata farar riga, ta ɗauki almakashi. Matar da ta shekara talatin tana yanka yadi ba tare da alli ba, ranar hannunta ya yi rawa har ta haɗa da yadin ta yanke. Ta ɗaga maɓallin da guntun ƙyalle a jikinsa ta nuna wa matar direba.

"Haka ake yi," ta ce. "Ba kyau, amma haka ake yi."

Aka raba kayan, kowa ta ɗauki ɗaya ta fara warwara. A ƙasan buhun koriyar rigar sanyin take. Malama ta kai hannu, tana cewa wannan sai rini mai duhu da sababbin maɓallai, facin ma a cire. Yaya ta dafe rigar.

"Wannan ba za a taɓa ta ba. Yadda take za ta hau igiya."

"Maman Dogo, ke kika kafa dokar nan, kuma a kaina aka kafa ta. Duk unguwar nan wa bai san rigar nan ba? Abin da na gani a titi ba na yi wa maƙiyina fatansa."

"Kin gan shi dai," in ji Yaya. Muryarta ba ta tashi ba. "Kin gan shi yana tafiya da ƙafafunsa, cikin mutane, kamar kowa. Ko na minti ɗaya ne, kin samu. Ni tun da aka fita da yaron nan ko a mafarki bai zo min ba. Tun ranar da kika shigo nan da takalmi ɗaya nake jin kishinki, Malama, Allah ya yafe min."

Malama ta janye hannunta. Yaya ta naɗe rigar ta miƙo min, ta ce in wanke, in rataye, kuma duk wanda ya saya kada in kuskura in gaya mata, ko da ita ta tambaya. Ta ce ba ta son ta san gidan da za ta je nema. So take wata rana ta ɗaga kai kawai.

Na wanke ta. Ban taɓa jin nauyin riga a hannu irin wannan ba, kuma da na goge ta ba abin da ya tashi sai ƙamshin sabuluna. Na rataye ta ina ta addu'a a raina wani dogon saurayi na layinmu ya saya, wanda zai riƙa wucewa safe da yamma.

Ranar da aka saye ta Yaya tana asibiti, matar direba ce a bakin igiya, don tun daga Asabar ɗin nan ta dawo da ƙunshinta ta kuma zama 'yar gida. Ana ruwa. Wata babbar motar kaya ta tsaya a bakin titi, wani gajeren mutum mai tumbi ya diro yana rawar ɗari, ya zaɓi koriyar, ya sa ta nan take, ya nannaɗe hannuwan da suka yi masa tsawo. Ina jin sa daga ƙofata yana yi wa matar hira, wai hanya ce ta ɓace musu suka biyo ta nan, garinsu da nisa, bai taɓa zuwa ba, ba ya jin kuma zai sake. Kafin in ajiye dutsen guga in fito, motar ta tashi.

Bakin Yaya ya dawo. Tana shiga gidajen rasuwa tana fitowa da buhu, igiya ta cika, sai dai ta daina cewa riga ba mutum ba ce. Yanzu cewa take yi da wuya, amma ana yi. Ta kuma jawo kekenta daga lungun shagon ta kafa shi a bakin ƙofa, yana fuskantar titi, wai don haske. Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. In hadari ya haɗu iska ta fara kaɗawa, sai in ji ƙarar keken ta tsaya. In leƙo in gan ta, ƙafa a kan feda, yadi a ƙarƙashin allura, idonta a ƙarshen layi.

"Auta," ta ce, ba tare da ta juyo ba, "yau da sanyi. Yau zai sa ta."

"Zai sa, Yaya," na ce, na koma kan gugata.